Shin gafarta wa mijina yana nufin in yi shiru?

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya, ga taƙaitawarta. Shekara tara ke nan da aurenta, suna da 'ya'ya uku, ita da mijinta duka masu bi ne, mijin ma yana cikin masu hidima a ikilisiyarsu. Sau uku ke nan tana gano cewa ya ci bashi mai yawa ba da saninta ba, na ƙarshen kuma ya haɗiye har kuɗin da suka ware domin makarantar yara. Duk lokacin da asiri ya tonu yakan ce ta yi haƙuri, in ta nemi ƙarin bayani kuma sai ya tuna mata cewa shi ne shugaban gida, Littafi Mai Tsarki ya umarce ta da biyayya, Yesu kuma ya ce a gafarta har sau bakwai sau saba'in. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Manyan matan da ta kai wa kuka sun ce ta riƙe addu'a, ta kama bakinta. Tana so ta sani: in ta ci gaba da magana, saɓa wa Allah take yi? In kuma ta kasa sake amincewa da shi a kan kuɗi, hakan yana nufin ba ta gafarta masa ba ke nan?

'Yar'uwata a cikin Almasihu, alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Amsata ga tambayoyin nan biyu ita ce a'a. Faɗa wa mijinki gaskiya cikin ladabi ba saɓon Allah ba ne, rashin sakin jiki da shi a kan kuɗi bayan ya ci amana sau uku kuma ba shaidar rashin gafara ba ne. Na san gefe ɗaya na ji, da mijinki yana gabana da na saurare shi kamar yadda na saurare ki, amma abin da kika tambaya ya shafi ma'anar Nassi, wannan kuwa ana iya amsa shi ko da ba ya nan. Tun da da ayoyi ake rufe miki baki, ya zama dole mu koma ga ayoyin, mu karanta su a inda suke zaune.

Bari mu fara da Afisawa 5:22, ayar da ta ce mata su yi wa mazansu biyayya. Manzo Bulus bai rubuta wasiƙarsa da lambobi ba. Raba Littafi Mai Tsarki sura-sura kamar yadda muke gani yau ya zo ne a farkon ƙarni na 13, aikin da ake danganta wa Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani mai ɗab'i Bafaranshe mai suna Robert Estienne ya sa su. Lambobin nan suna taimaka mana mu nemo wuri da sauri, amma suna da illa guda, wato sun koya mana mu ciro aya ɗaya daga cikin 'yan'uwanta kamar ita kaɗai aka aiko. A cikin Helenancin da Bulus ya yi rubutu da shi, a wasu kwafen hannu mafi tsufa, har da wanda aka rubuta a ƙarni na 4 da ke ajiye a ɗakin karatu na Batikan, aya ta 22 ba ta ma da aikatau nata. Abin da take cewa kawai shi ne: mata, ga mazajenku, kamar ga Ubangiji. Kalmar da muke fassarawa da biyayya aro take yi daga aya ta 21, inda aka umarci dukan masu bi, maza da mata, su yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Ita ma aya ta 21 a rataye take a jikin aya ta 18, wadda ta ce a cika da Ruhu. Saboda haka duk wanda ya fara karatunsa daga aya ta 22, daga tsakiyar magana ya fara.

Akwai kuma wani bambanci da Hausa take ɓoyewa, domin mun saba kiran abubuwa biyu da suna ɗaya. A sura ta 6, sa'ad da Bulus ya juya ga 'ya'ya da bayi, ya yi amfani da kalmar hupakuo, wato a ji umarni a aikata. Ga matar aure kuwa kalmar ita ce hupotasso, kuma a yadda ta zo a nan tana nufin mutum ya sa kansa ƙarƙashin wani da yardar ransa. Wannan kyauta ce da babba yake bayarwa cikin saninsa. Bulus bai lissafa mace cikin yaran gida ba. Ki kuma lura da wanda aka yi wa maganar: ayar da sunan mata aka rubuta ta. Babu inda Sabon Alkawari ya ce wa miji ya tilasta wa matarsa biyayya. Nasa umarnin yana farawa a aya ta 25, ya kuma fi naki tsawo nesa ba kusa ba, gama ayoyi uku ne aka yi wa mata, daga 25 zuwa 33 kuwa kusan duka a kan miji ne. A daular Roma, inda doka ta ba maigida iko mai faɗi a kan iyalinsa, babu wanda zai yi mamakin jin an ce mata su bi mazansu. Abin da zai sa masu sauraro a Afisa su ɗaga kai shi ne jin an ce wa maigida ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta, ya ciyar da ita, ya kula da ita kamar jikinsa.

Wasu ma'aurata sun taɓa zuwa wurina da damuwa mai kama da taki. Tun kafin su gama zama mijin ya buɗe Littafinsa, yatsansa a kan aya ta 22, wadda ya ja wa layi da jan biro har takardar ta kusa hujewa. Ban yi masa musu ba. Na roƙe shi ya hau aya ɗaya sama, ya karanta da ƙarfi har ƙarshen surar. Ya fara da murya mai kauri, amma da ya iso inda aka ce Almasihu ya ba da kansa domin ikilisiya sai muryar ta ragu, da ya kai inda aka ce mai ƙaunar matarsa kansa yake ƙauna kuwa sai ya tsaya, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Matar ba ta ce uffan ba, hawaye kawai take sharewa da gefen mayafinta. Ba a ranar aka gyara aurensu ba, an ɗauki watanni, amma a ranar ne ya ga cewa ayoyin da ya bari fari fat, ba ko ɗigon biro, su ne nasa.

Gaskiya ne masana Kirista sun rabu a kan ma'anar cewa miji shi ne kan mace. Wasu sun ce tana nufin jagoranci da ɗaukar nauyin yanke shawara ta ƙarshe, wasu kuma sun fi ƙarfafa biyayyar juna da ke aya ta 21. Ba sai na raba wannan gardama ba kafin in amsa miki, domin ko da mun ɗauki ra'ayin da ya fi ba miji iko, ma'aunin shugabancinsa Almasihu ne. Almasihu kuwa ya ce wa almajiransa a Markus 10:42-45 cewa masu mulkin al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma a tsakaninsu ba haka zai zama ba. Ayar da ta fi dacewa da halin da kike ciki ma ita ce Yohanna 15:15, inda ya ce ba zai ƙara kiransu bayi ba, domin bawa bai san abin da ubangidansa yake yi ba, ya kira su abokai saboda ya sanar da su duk abin da ya ji daga wurin Ubansa. Almasihu, shugaban ikilisiya, bai ɓoye wa amaryarsa, wato ikilisiya, al'amuransa ba. Mijin da yake cin bashi a ɓoye, sa'an nan ya kafa hujja da shugabanci don kada a tambaye shi, ya mai da matarsa matsayin bawan da bai san abin da ubangidansa yake yi ba, wato matsayin da Yesu da kansa ya fitar da mu daga ciki.

Tun daga Farawa 2:18 ma, kalmar Ibrananci da aka kira mace da ita, ezer, wadda muke fassarawa da mataimakiya, ita ce ake kiran Allah da ita a Zabura 33:20 da 121:2, inda mai zabura ya ce taimakonsa daga wurin Ubangiji yake zuwa. Taimako ne irin na mai ƙarfi wanda yake cike giɓin da kai ba za ka iya cikewa ba. Ta yaya za ki taimaki mutum a kan abin da ya hana ki gani? Matar kirki ta Karin Magana 31, wadda ake yawan karanta wa amare, tana duba gona ta saya, tana lura da cinikinta, tana buɗe baki da hikima, zuciyar mijinta kuma ta amince da ita. Saratu ta faɗa wa Ibrahim magana mai ɗaci a kan ɗansa Isma'ilu, Allah kuma ya ce masa a Farawa 21:12 ya saurare ta. A ɗaya gefen ga Safiratu a Ayyukan Manzanni 5, wadda ta goyi bayan mijinta Hananiya a kan ƙaryar kuɗin fili. Bitrus ya tambaye ta ita kaɗai, bayan kamar sa'a uku, ta maimaita ƙaryar, hukunci kuma ya same ta a kan nata laifin. Ba a karɓi bin miji a matsayin uzuri ba.

Kada ki ɗauka wannan sabon karatu ne na zamani. Yohanna Kirisostom, wanda ya zama bishop na Konstantinoful ya kuma rasu a shekara ta 407, mutum ne da ya yarda sarai cewa miji ne shugaba, amma a wa'azinsa a kan wannan sura ya gargaɗi maza cewa abokiyar rayuwa, uwar 'ya'ya, ba a ɗaure ta da tsoro da barazana, sai da ƙauna da kyakkyawan hali, ya kuma tambaya wane irin aure ne wanda mace take rawar jiki a gaban mijinta. Binciken zamani ma ya iso wuri ɗaya ta wata hanya dabam. John Gottman na Jami'ar Washington a Amurka, shi da abokan aikinsa, sun bi sawun sababbin ma'aurata 130 na tsawon shekara shida, a sakamakon da suka buga a 1998 kuma sun nuna cewa auren mazan da suke karɓar shawarar matansu ya fi ɗorewa, ya kuma fi daɗi, a kan na waɗanda suke ƙi. Karin Magana 15:22 ta riga ta faɗa cewa shiri yakan wargaje in babu shawara.

Yanzu ga maganar gafara, wadda na ga alama ita ta fi ci miki rai. Akwai abubuwa uku da ake cuɗanyawa, har masu wa'azi ma sukan cuɗanya su: gafara, sulhu, da amana. Gafara aiki ne tsakaninki da Allah, ke kaɗai ma kina iya yin ta. Ma'anarta ki saki haƙƙin ramuwa, ki daina riƙe laifin a matsayin makamin da za ki zaro duk ranar da aka yi saɓani, ki bar wa Allah hukunci kamar yadda Romawa 12:19 ta ce, ki kuma ci gaba da nufin mijinki da alheri. Wannan ce Yesu ya ce ba ta da iyaka, kuma ba zan rage miki nauyinta ba: wajibi ce a kanki, a karo na uku kamar a karo na farko, domin bashin da aka yafe mana a gicciye ya fi duk wanda wani zai ci a wurinmu. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, ɗaya ya tuba ɗaya ya karɓa, shi ya sa Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da yake hannunku, ku yi zaman lafiya da kowa. Amana ita ce ta uku, ita kuma ginuwa take yi a hankali bisa abin da ido ya gani. Yesu da kansa ya ce a Luka 16:10 mai aminci a ƙaramin abu shi ne mai aminci a babba.

Abin da ya kamata mijinki ya duba shi ne, maganar sau bakwai sau saba'in tana Matiyu 18:22, ayoyi kaɗan kafin ta kuma, daga 15 zuwa 17 na wannan surar dai, Yesu ya ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka nuna masa laifinsa ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi jinsu ka faɗa wa ikilisiya. Bakin da ya umarci gafara marar iyaka shi ne ya umarci a fuskanci mai laifi. A Luka 17:3 ma an haɗa su a numfashi ɗaya: in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka gafarta masa. Mijinki ɗan'uwanki ne a cikin Almasihu kafin ya zama mijinki, aure kuma bai cire shi daga ƙarƙashin waɗannan ayoyi ba.

Labarin Yusufu ya nuna yadda gafara da jinkirin amincewa suke zama a zuciya ɗaya. Sa'ad da 'yan'uwansa suka zo Masar sayen hatsi, tun a ganawar farko ya juya musu baya ya yi kuka, ya kuma sa aka mayar musu da kuɗinsu cikin buhunansu. Wannan ba halin mai neman ramuwa ba ne. Duk da haka bai bayyana musu kansa ba. Ya tsare Saminu, ya ce a kawo Biliyaminu, ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun yaron, domin ya ga ko mutanen da suka sayar da ɗan Rahila na fari za su sake yasar da na biyu don su tsira. Sai da Yahuza ya tsaya a Farawa 44 ya ce a riƙe shi bawa a madadin yaron, sa'an nan Yusufu ya kasa daurewa, ya ce shi ne Yusufu. Zuciyarsa ta daɗe da yafewa, amma bai saki jiki ba sai da ya ga halinsu ya sauya. Babu mai karanta wannan labari ya ce Yusufu ya kasa gafartawa.

To, yaya ake gane tuba ta gaskiya? Bulus ya bambanta baƙin ciki irin na ibada, mai kai ga tuba, da baƙin ciki irin na duniya a 2 Korantiyawa 7:10. Na biyun shi ne baƙin cikin an kama mutum. Yahaya Mai Baftisma ya ce a ba da 'ya'yan da suka dace da tuba, Zakka mai karɓar haraji kuma, ba tare da an tilasta masa ba, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. A al'amarinki, "ki yi haƙuri" mafarin magana ne kawai. 'Ya'yan tubar su ne ya faɗi adadin bashin duka da sunayen masu binsa, ya faɗi inda kuɗin ya tafi, ya yarda a shata iyakar da za ta hana maimaitawa, ya kuma daina jin haushin tambaya. Mai tuba na gaske yakan fahimci dalilin da ya sa ake tambayarsa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya, mijin da ya san shi ne sanadin wannan tsoro kuwa ba zai ga laifin matarsa ba.

Ina so ki mai da hankali a kan tambayar inda kuɗin yake tafiya, domin maganin ya dogara da ita. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka cin bashin kansa ba shi ne babban ciwon ba, ɓoyewar ce. A cikin shekarun da na yi ina zama da ma'aurata, na ga maza da yawa da suke ɓoye bashi saboda kunya: sana'a ta karye, ko albashi ya daina kaiwa, ko dangi sun yi musu yawa da buƙatu, su kuma sun taso da tunanin cewa namijin da ya ce "ba ni da shi" ya zubar da girmansa. Irin wannan mutum yakan fake da ayar shugabanci ne don tsoro, kuma sau da yawa in ya tabbata ba za a wulaƙanta shi ba, yakan sauke kayan da kansa har ya ji sanyi. Amma na ga waɗanda caca ta waya ta cinye su, na ga masu shaye-shaye, na ga masu ciyar da wata a waje. Bashin da yake dawowa sau uku ba tare da an ga abin da aka saya da shi ba yana buƙatar bincike na gaske. In caca ce ko maye, alkawarin baki ba ya warkar da su, sai an haɗa da taimakon masu ilimin wannan ciwo da kuma cire kuɗin daga hannunsa na wani lokaci.

Game da yadda za ki yi maganar, Abigiyel ta bar mana darasi a 1 Sama'ila 25. Bayan ta ceci gidanta daga fushin Dawuda, ta dawo ta tarar da mijinta Nabal a buge yana biki, ba ta ce masa kome ba sai da gari ya waye, giyar ta sake shi, sa'an nan ta faɗa masa duka. Ta zaɓi lokaci, amma ba ta binne maganar ba. Ke ma kada ki tayar da zancen a gaban yara, ko yana shigowa gida a gajiye, ko a ranar da mai bin bashi ya zo ƙofa ranki yana tafasa. Ki nemi ya ba ki lokaci, ku zauna ku biyu, ki zo da littafin rubutu da biro. Ki fara da abin da yake gaskiya a zuciyarki, misali ki ce masa: "Maigida, na yafe maka, ba kuma don in tozarta ka na zo da wannan magana ba. Amma ni da kai jiki ɗaya ne, bashinka bashina ne, ba zan iya taya ka ɗaukar kayan da ban san nauyinsa ba. Ina roƙonka mu rubuta kome a nan." Sa'an nan ki kawo buƙatunki a fili: kada a ƙara cin bashi sai da sanin ku biyu, kuɗin makaranta a riƙa biya kai tsaye da zarar ya shigo ko a ajiye inda ba mai cirewa shi kaɗai, ku kuma riƙa zama sau ɗaya a wata kuna duba littafin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kada kuma ki sa hannu a takardar lamuni ko ki tsaya masa jingina a kan bashin da ba ki fahimta ba, gama Karin Magana 22:26-27 ta yi gargaɗi cewa mai yin haka har gadon da yake kwance a kai ana iya ɗaukewa. Dokokin ƙasashe sun bambanta a kan ko bashin miji yana hawa kan matarsa, don haka yana da kyau ki tambayi lauya ki san matsayinki.

Akwai abin da zan faɗa miki a kanki, domin ba zan yi miki adalci ba in na tsallake shi. Wanda aka cuta yana da nasa jarabobin. Na farko shi ne raini, wato ki fara kallonsa a matsayin wanda bai isa kome ba, har ya fito a muryarki da kallonki, yara kuma su ɗauka. Afisawa 5:33 ta ce mace ta girmama mijinta, ana kuwa iya faɗar magana mafi ɗaci ba tare da an taka mutuncin mutum ba. Na biyu shi ne yaɗa zancen ga duk mai kunne da sunan neman addu'a. Na uku shi ne ki fara naki ɓoye-ɓoyen a matsayin ramuwa. In kin ga dole ki killace kuɗin abinci da na makaranta, ki yi, amma ki gaya masa kin yi da dalilin yin.

In ya ƙi zama, ko ya zauna ya sake komawa gidan jiya, mataki na biyu na Matiyu 18 ya zo. Ki sanar da shi tukuna cewa za ki nemi taimako, sa'an nan ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙon asiri waɗanda shi ma yake ganin girmansu, fasto ko dattijo tare da matarsa. Tun da yana hidima a ikilisiya, shugabanninsa suna da haƙƙin sani, musamman in hidimar ta shafi kuɗi, domin 1 Timoti 3 ta ɗaura cancantar mai hidima da yadda yake tafiyar da gidansa. Ki yi shiri kuma, mai yiwuwa wanda kika fara zuwa wurinsa ya sallame ki da "je ki yi haƙuri." Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a farkon hidimata. Wata mata ta zo mini da kuka irin naki, na karanta mata aya, na yi mata addu'a, na sallame ta ba tare da na kira mijin ba, domin ina jin nauyinsa. Bayan shekara guda aka ƙwace gidan da suke ciki, yaran suka bar makaranta. Har yau ina tuna yadda ta gaishe ni cikin ladabi a ranar da suke kwashe kaya, ba ta ce mini kome ba. In an yi miki irin abin da na yi mata, ki nemi wani, kada ki ɗauka Allah ne ya rufe ƙofar.

Iyayen da suka ce ki riƙe addu'a kuwa, kada ki raina su. Rabin maganarsu gaskiya ce tsantsa, yawancinsu kuma daga abin da suka jure suke magana. Haƙuri ɗiyan Ruhu ne, za ki kuma buƙace shi da yawa, domin biyan bashi da sāke hali ba aikin mako ɗaya ba ne. Inda na rabu da su shi ne ɗaukar haƙuri da shiru a matsayin abu ɗaya. Nehemiya, sa'ad da maƙiya suka yi wa aikin garun Urushalima barazana, ya ce sun yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Ki yi addu'a domin mijinki da sunansa kowace rana, ki roƙi Allah ya ba shi ƙarfin halin faɗar gaskiya, ke kuma ya tsare zuciyarki daga ɗaci, sa'an nan ki tashi ki yi maganar.

Kin ce bai taɓa dūkanki ba, na gode wa Allah. Amma saboda wasu da za su karanta wannan amsa, dole in ƙara kalma ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar dūka ko cin zarafin jima'i a rayuwarta, mafi yawa daga hannun miji ko abokin zama. Duk matar da take tsoron za a yi mata lahani in ta yi irin wannan magana, kada ta yi ta ita kaɗai a ɗaki. Ta fara neman wurin tsira da taimakon hukuma, wadda Romawa 13:4 ta kira ma'aikaciyar Allah domin hukunta mai mugunta. Dawuda ya guje wa mashin Saul, bai kuwa yi zunubi da gudun ba.

In mijinki ya yarda ya zauna, ki sa a ranki cewa zaman farko zai yi nauyi, adadin da zai faɗa kuma mai yiwuwa ya fi wanda kika sani. Yadda kika karɓi wannan adadi shi zai nuna masa ko zai iya faɗa miki sauran. Kada ki yanke wata shawara a daren. Ku rubuta sunan kowane mai bin bashi da abin da yake bi da ranar biya, ki gode masa da ya faɗa, ku yi addu'a tare ko da gajeriya ce, sa'an nan ku sa ranar zama na gaba kafin ku tashi.